Na haddace fomula, amma jingar fiziks ta gagare ni

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Yauri, ina aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Damuwata fiziks. Idan malaminmu yana aiki a allo ina ganewa sarai, fomuloli ma na haddace su. Amma da ya ba mu jinga na koma gida na buɗe littafi, sai kaina ya ɗaure, in rasa ta inda zan fara. Wani lokaci in zaɓi fomula in zuba lambobi, amsar ta fito daban da ta bayan littafi. Yanzu har na fara kwafar aikin ƙawata da safe kafin a shiga aji, abin yana ba ni kunya. Babana yana son in karanci likitanci, ga WAEC da JAMB suna tafe. Ko dai in haƙura in bar kimiyya?

Wata ɗaliba, Yauri, Jihar Kebbi

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki bar kimiyya a kan wannan, don ba ƙwaƙwalwa kika rasa ba. Malami kafin ya ɗauki alli ya riga ya gama aikin da ya fi wuya a cikin kansa: ya karanta tambayar, ya hango abin da ke faruwa, ya zaɓi ƙa'idar da ta dace. Abin da kike gani a allo wutsiyar aikin ce, zuba lambobi da bugawa, wanda kowa yake iya bi. A gida kuwa wancan ɓangaren da ba a nuna miki ba shi aka bar miki. Shi za mu koya, kuma da fensir ake koyonsa, kalkuleta tana rufe a gefe. Fiziks ɗin ma ba ki da hanyar kauce masa in dai likitanci ne, domin JAMB tana neman Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji.

Mu ɗauki irin tambayar da ake ba 'yan ajinku. Mai babur yana tafe a hanyar Yauri zuwa Koko da saurin kilomita 72 a awa, ya hango awaki a kan titi, ya taka birki, ya tsaya cak bayan mita 40. An ce ki nemo yadda saurinsa ya riƙa raguwa, da lokacin da ya ɗauka kafin ya tsaya.

Ki karanta sau biyu, sannan ki yi zane, ko da mummuna ne: layi ɗaya, ɗigo a inda ya fara taka birki, ɗigo a inda ya tsaya, kibiya tana nuna inda ya dosa. A gefen takardar ki jera haruffa biyar daga sama zuwa ƙasa: u saurin farko, v saurin ƙarshe, a yadda sauri ke ƙaruwa ko raguwa a kowane sakan, s nisa, t lokaci. Sai ki cike abin da kika sani. Lambobi biyu kawai ke cikin tambayar, 72 da 40, kuma a nan yawancin ɗalibai ke maƙalewa, suna ganin bayanin bai isa ba. Na ukun yana cikin magana: ya tsaya, wato v = 0. Masu shirya tambaya suna son wannan ɓoyon ƙwarai. In an ce abu ya tashi daga tsaye, ko an sake shi daga hannu, u = 0. In an ce dutse ya kai ƙololuwar tashinsa, v = 0 a wannan wurin. In an ce saurin bai canza ba, a = 0. In an ce dandamalin santsi ne, babu gogayya. Ki riƙa ja wa irin waɗannan kalmomi layi tun a karatu na biyu.

Kafin ki taɓa kowace fomula, ki daidaita ma'auni. Nisa yana mita, amma sauri yana kilomita a awa, ba za su zauna a lissafi ɗaya ba. Kilomita 72 mita 72,000 ne, awa ɗaya sakan 3,600 ce, ki raba ki sami mita 20 a sakan. A taƙaice, raba da 3.6. Yanzu jerinki ya zama u = 20 m/s, v = 0, s = 40 m, ana neman a da t.

Zaɓen fomula ba caca ba ne. Fomulolin tafiya huɗu ne, kuma kowace akwai harafi ɗaya da babu shi a cikinta. A v = u + at babu s. A s = ut + ½at² babu v. A v² = u² + 2as babu t. A s = ½(u + v)t babu a. Ki duba jerinki, ki nemi harafin da ba a ba ki ba kuma ba shi kike nema yanzu ba, sai ki ɗauki fomular da ba ta da shi. Kina neman a, ba ki da t, don haka ta uku ce. Juya ta da haruffa tukuna: a = (v² − u²) ÷ 2s. Sannan lambobi: (0 − 400) ÷ 80 = −5 m/s². Alamar ragewar tana gaya miki cewa saurin raguwa yake yi, kada ki share ta don ta yi miki baƙunta. Lokaci kuma daga ta farko: 0 = 20 − 5t, t = 4 s. Ki tabbatar da ta huɗu: rabin 20 sau 4 ya ba da 40, daidai da nisan da aka ba ki. Wannan binciken bai kai minti ɗaya ba, kuma ya fi leƙen bayan littafi amfani, tunda a zauren jarrabawa babu bayan littafi.

Da kin manta kin zuba 72 yadda yake, da kin sami 64.8 m/s². Ki saba da tambayar kanki ko amsa tana yiwuwa a duniya. Jan da ƙasa ke yi wa abin da ke faɗowa kusan 9.8 ne, a jarrabawa galibi ana cewa a ɗauki 10. Birkin da ya ninka wannan fiye da sau shida babu tayar babur da za ta riƙe kwalta da shi. Haka in kika sami mutum yana gudun mita 300 a sakan, ko rijiya mai zurfin kilomita 2, ki koma baya, akwai ma'aunin da ba ki juya ba. Ki kuma sani waɗannan fomuloli huɗu suna aiki ne kawai idan a bai canza ba a tsawon tafiyar. In tambaya ta ce mota ta ƙara wuta, ta yi tafiya da sauri ɗaya, sannan ta taka birki, tafiya uku ce, kowace da nata jerin haruffa, kuma v na ta farko shi ne u na ta biyu.

Inda alama ta fi kayar da ɗalibai shi ne jifa sama. A ce yaro yana saman tankin ruwa mai tsayin mita 20, ya jefa dutse sama da saurin 15 m/s, yaushe zai faɗo ƙasa? Ki zaɓi ɓangare ɗaya ya zama na ƙari, ki rubuta shi a jikin zanen, kada ki sauya har ki gama. In sama ne ƙari, u = +15, a = −10, s kuma −20, saboda dutsen ya ƙare a ƙasa da inda ya taso. Sai −20 = 15t − 5t², wanda in kin gyara shi ya zama t² − 3t − 4 = 0, ya ba da t = 4 ko t = −1. Lokaci ba ya komawa baya, amsa sakan 4. Wanda ya sa s = +20 zai tarar lissafin ya ƙi fita gaba ɗaya, kuma da gaskiyar lissafin, domin dutsen da aka jefa da 15 m/s mita 11.25 kawai yake iya tashi.

Tambayoyin ƙarfi su ma zane ne ke warware su, amma zanen na daban ne. Ga buhun shinkafa mai kilo 50 a kan siminti, ana tura shi da ƙarfin niyuton 300, adadin gogayya tsakaninsa da simintin 0.4. Kilo 50 ɗin nan mas ne, yawan abin da ke cikin buhun. Nauyinsa a fiziks ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi ne, mg, mas sau jan ƙasa g (10), wato 500 N. A kasuwa ba a bambanta su, a takardar jarrabawa kuwa maki ne. Ki zana buhun shi kaɗai a matsayin akwati, ki tambayi kanki: ban da jan ƙasa, wa ke taɓa shi? Siminti yana tokare shi sama da 500 N. Hannu yana tura shi gaba da 300 N. Gogayya tana jan shi baya da 0.4 × 500 = 200 N. Kibau huɗu ke nan, babu ta biyar. Kada ki ƙara wata kibiya wai ta tafiya, kuma mas sau a, wato "ma" na F = ma, ba ƙarfi ba ne da ake zanawa, sakamakon sauran ne. F ɗin da ke cikin F = ma shi ne abin da ya rage bayan an yi ragi, 300 − 200 = 100 N, don haka a = 2 m/s². Mai gaggawa zai raba 300 da 50 ya rubuta 6.

To a ɗora buhun a kan katakon da aka jingina da bayan mota, mai karkatar digiri 30. Nauyin har yanzu ƙasa yake kallo kai tsaye, amma sai ki raba shi biyu: mai bin tsawon katakon, mg sin 30 = 250 N, da mai danna katakon, mg cos 30 = 433 N. In kin rikice tsakanin sin da cos, kada ki dogara da hadda, ki kwantar da katakon a zuciyarki. A kwance, karkata sifili ce, babu abin da ke zamar da buhu, kuma sin 0 ne ke ba da sifili, don haka sin ne na bin tsawo. Ki lura tokarar katakon yanzu 433 ce, ba 500 ba, gogayya ta koma 0.4 × 433, kusan 173 N. In an saki buhun yana zamewa, ragowar ƙarfi 77 N ne, a kuma kusan 1.5 m/s². In kuwa lebura zai tura shi sama da sauri ɗaya, gogayyar ta juya ta kalli ƙasa, sai ya buƙaci 250 + 173 = 423 N. Gogayya kullum tana adawa da inda abu ke zamewa, shi ya sa sai kin san inda ya nufa kafin ki zana kibiyarta.

Ke 'yar bakin kogin Kwara ce, don haka babin haɗa sauri biyu bai kamata ya ba ki wahala ba, kin sha ganinsa da ido. A ce faɗin ruwa mita 200, mai kwale-kwale yana tuƙi da 2 m/s ya miƙe hancin jirgin zuwa ƙetare, ruwa kuma yana gangarawa da 1.5 m/s. Ba za ki tara su ki ce 3.5 ba, tunda ba hanya ɗaya suka nufa ba. Ki zana su a matsayin ɓangarori biyu na alwatika mai kusurwar digiri 90, dogon gefen ya zama tushen 4 + 2.25, wato 2.5 m/s, yana karkace da kusan digiri 37 zuwa inda ruwa ke gangarawa. Tarkon yana wajen lokaci. Da yawa za su raba 200 da 2.5 su ce sakan 80. Amma 200 nisan ƙetarewa ne, sai a raba shi da saurin ƙetarewa: sakan 100. A cikin wannan lokacin ruwa ya tafi da jirgin mita 150 ƙasa. Ainihin hanyar da ya bi mita 250 ce, kuma 250 ÷ 2.5 ya dawo da ke kan 100. Nisa da saurin da za ki raba dole su kasance masu kallon wuri ɗaya. In kuma tambayar ta ce yana son ya sauka daidai gaban inda ya taso, alwatikar ta sauya: 2 m/s ne ya zama dogon gefe, ya karkata hancin jirgin sama da kusan digiri 49, saurin ƙetarewarsa ya ragu zuwa 1.32 m/s, tafiyar ta kai kusan sakan 151. Masu jirgi suna yin wannan kullum ba tare da alƙalami ba.

Yanzu kalkuleta, wadda nake zargi da rabin amsoshinki da ke saɓa wa littafi. Kafin kowace jinga ki buga sin 30. In ta ba ki 0.5, lafiya. In ta ba ki −0.988 tana kan R, in 0.454 ne tana kan G, wasu ma'aunan kusurwa ne daban, ki mayar da ita D, wato digiri. Ƙannenki in suna wasa da ita, wannan gwajin wajibi ne. Sannan idan ƙasan fomula yana da abubuwa biyu, ki rufe su cikin baka. Buga 400 ÷ 2 × 40 zai ba ki 8,000, alhali 5 kike nema. Haka −20² zai ba ki −400 sai kin rufe −20 ɗin. Maɓallin EXP kuma ya riga ya ƙunshi goman: 3 EXP 8 shi ne 3 × 10⁸, in kika buga 3 × 10 EXP 8 kin ƙara sifili guda ba ki sani ba. Kada ki riƙa datse lamba a tsakiyar aiki, ki bari sai amsar ƙarshe.

Sauran babuka tsarin ɗaya ne, tarkonsu ne ya bambanta. A zafi, lita 2 ta ruwa kilo 2 ce, ɗaga ta daga digiri 30 zuwa 100 yana cin 2 × 4,200 × 70 = 588,000 J (jul, ma'aunin makamashi), hita mai wat 1,000 za ta yi kusan minti goma. In akwai ƙanƙara a tambayar, narkewarta lissafi ne mai zaman kansa kafin ruwan ya fara ɗumi, kusan 336,000 J a kowane kilo. A dokokin iskar gas sai kin ƙara 273: digiri 27 kelbin 300 ne, 54 kuma 327, bai ninka ba. A lantarki, razisto mai om 6 da mai om 3 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suna ba da 1/R = ½, ki tuna ki juya shi ya zama om 2. Amsar dole ta gaza ƙaramin cikinsu, amma 0.5 ma ta gaza, shi ya sa wannan kuskuren ke wucewa ba a gani. Santimita murabba'i kuma da 10,000 ake raba ta ta koma mita murabba'i, ba da 100 ba.

Batun kwafa, ki daina daga yau, ba don kunya kaɗai ba. Jingar da kika kwafa tana ɓoye wa malami inda kike ciwo, sai ya wuce babi na gaba yana zaton kowa ya gane. Ki miƙa aikinki ko rabi ne: zane, jerin haruffa, fomular da kika zaɓa, da layin da kika tsaya. A takardar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki a kan matakai, fomula da zuba lambobi da amsa mai ma'auni, don haka wannan rabin ma abin kai ne, amsa kuma in babu ma'auninta tana zubar da maki. Ƙawarki kada ki rabu da ita, ki dai sauya abin da kike roƙo. Ce mata ta nuna miki zanenta kawai, ko ta gaya miki dalilin da ya sa ta ɗauki wannan fomular, sannan ki rufe littafinta ki ƙarasa da kanki. Wajen malami ma, "ban gane ba" ba ta ba shi abin kamawa. Ki je da takarda ki ce, Malam, na kawo nan, ban san ko s ƙari ne ko ragi ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da yake tambaya. Manhajojin waya masu warware lissafi suna yin kuskure, kuma da gadara suke yinsa, in za ki duba su sai bayan kin yi naki.

Ki ware minti arba'in kullum, bayan asuba in gidanku ya fi shiru a lokacin. Ki ɗauki misalin da malami ya warware a aji, ki rufe maganin, ki yi shi daga farko. In ya fita, ki sauya lamba ɗaya ko ki juya tambayar, abin da aka nema ya zama abin da aka bayar. Sannan tambayoyi biyu ko uku daga tsofaffin takardun jarrabawa a kan wannan babin. A bayan littafinki ki buɗe shafi na kurakurai, duk wanda kika yi ki rubuta irinsa: ma'auni ne, alama ce, zaɓen ƙa'ida ne, ko juya fomula. Bayan mako uku ki ƙirga. In juya fomula ne ya fi yawa, to ciwon na lissafi ne, ki koma babin sauya jigon fomula da na kwadiratik da na sin da cos ki gyara su, fiziks zai biyo baya. Mahaifinki kuma ki gaya masa gaskiya, cewa darasin yana ba ki wuya kuma ga abin da kike yi a kai. Maganar sauya aji ki ajiye ta sai kin ga sakamakon ƙarshen zango.

Ga ta gwaji, ki yi ta yau. Guga cike da ruwa mai kilo 10, an jawo shi da sauri ɗaya daga rijiya mai zurfin mita 15 cikin sakan 30. Nemo aikin da aka yi da ƙarfin aikin a wat. Sannan a ce igiyar ta tsinke gugan yana tsaye a bakin rijiya, da wane sauri zai isa ƙasa, kuma cikin sakan nawa? Ɗauki g = 10. Ya kamata ki sami 1,500 J, da 50 W, da 17.3 m/s, da kusan sakan 1.7. Saurin ki nemo shi ta hanya biyu, da v² = u² + 2as da kuma mgh = ½mv², ki lura da abin da ya faru da kilo 10 ɗin a ta biyun. Ki turo hoton zanenki da jerin haruffanki, ba amsoshin kaɗai ba.